Maɗaukin sautin jitar lantarki a kiɗan metal

Maɗaukin sauti, wanda makaɗa da masu gyaran kayan kiɗa suke kira fikof, wata ƙaramar na'ura ce da ake dasawa a gangar jitar lantarki, daidai ƙarƙashin tsirkiyoyi. Aikinsa shi ne mayar da kaɗawar tsirkiya ta zama siginar lantarki wadda waya za ta kai wa amfilifaya. Jitar lantarki mai dunƙulallen katako ba ta da kogon da zai ƙara mata amo kamar garaya ko gurmi, saboda haka duk abin da mai sauraro ya ji daga gare ta, ta wannan na'ura ya biyo.

Canza maɗaukin da jita ta zo da shi daga masana'anta yana cikin gyare-gyaren da makaɗan metal suka fi yi. Dalili shi ne kiɗan metal yana amfani da sauti mai tsananin kaushi, wanda ake samu idan an cika wa amfilifaya sigina fiye da abin da zai iya fitarwa a tsabtace. A irin wannan yanayi duk wani aibu na maɗauki yana fitowa fili: ƙugi, kururuwa, ko cakuɗewar amo. Zaɓen wanda za a maye gurbi da shi ya dogara ne ga salon kiɗan, da ginin jitar, da yadda aka ɗaure tsirkiyoyinta, da kuma amfilifayan da za a jona ta da shi.

Yadda yake aiki

Maɗaukin sauti ya ƙunshi abubuwa biyu: maganaɗisu da kwayil. Kwayil siririyar wayar jan ƙarfe ce mai rufi, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba (kimanin milimita 0.06), da ake naɗewa sau dubbai a jikin bobin na roba. Maganaɗisun yana sa tsirkiyar ƙarfe da ke samansa ta ɗauki ƙarfin maganaɗisu. Idan aka kaɗa tsirkiyar, filin maganaɗisun da ke ratsa kwayil yana canzawa daidai da saurin kaɗawarta, sai a sami wutar lantarki 'yar kaɗan a cikin wayar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a shekarar 1831, kuma ita ce dai janareta yake aiki da ita. Wutar da ke fitowa takan kama daga milibolt ɗari zuwa sama da bolt ɗaya idan an kaɗa da ƙarfi. Tsirkiyar nailon ba ta aiki da irin wannan maɗauki, domin maganaɗisu ba ya kama ta.

Maɗauki ba ya ɗaukar kowane amo daidai wa daida. Kwayil ɗin, tare da makunnan jita da wayar da ta tafi amfilifaya, suna haɗuwa su zama matacin sauti: akwai wata mita da suke ɗagawa fiye da sauran, sannan abin da ya wuce ta sai ya dushe. A yawancin maɗaukai wannan tsauni yana faɗawa tsakanin haz 2,000 da 5,000. Wurin da ya faɗa da kuma tsayinsa su ne mafi yawan abin da kunne yake ji a matsayin "muryar" maɗauki. Ƙara yawan naɗin waya yana ƙara ƙarfin sigina, amma yana saukar da tsaunin zuwa ƙasa, sai sautin ya yi kauri, siririn amonsa ya ragu.

Abin da kiɗan metal yake buƙata

Buƙata ta farko ita ce rashin hayaniya. Amfilifayan metal yana ninka siginar da ta shigo masa sau dubbai, kuma ba ya bambanta kiɗa da ƙugin wutar gida. Wannan ƙugi yana da mitar haz 50 a Afirka da Turai, haz 60 a Amurka ta Arewa. Abin da ba a ko jin sa a kiɗa mai laushi yakan zama gurnani mai cika ɗaki a metal.

Ta biyu ita ce tsabtar amon ƙasa. Yawancin kiɗan metal ana yin sa ne a kan tsirkiyoyi masu kauri, makaɗi yana danne su da gefen tafin hannunsa kusa da jaki (wato mazaunin da tsirkiyoyi suke hawa a ƙarshen gangar jita), yana bugawa da sauri. Ana so kowane bugu ya fito ya tsaya cak kafin na gaba. Maɗaukin da ke tura amon ƙasa da yawa yana cika amfilifaya, bugun ya haɗe da juna ya zama gunji.

Ta uku ita ce fitowar matsakaicin amo, domin a ji jita a tsakanin ganguna da jitar bes. Sautin da ya yi daɗi a ɗakin kwana yakan ɓace idan dukan ƙungiya ta fara kiɗa, muddin ba shi da isasshen amon tsakiya.

Tarihi

A farkon shekarun 1930 George Beauchamp ya ƙera maɗauki mai maganaɗisu irin na kofaton doki, wanda kamfanin Rickenbacker ya sa a jitocinsa. Gibson ya fito da P-90 a shekarar 1946, Fender kuma ya fito da Stratocaster mai maɗaukai uku a 1954. Dukansu masu kwayil ɗaya ne, kuma dukansu suna ƙugi.

Seth Lover, injiniya a kamfanin Gibson, shi ne ya ƙera maɗauki mai kwayil biyu da ake kira hambaka, sunan da ke nufin mai kashe ƙugi. An nemi takardar mallakar fasaharsa a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Na farko-farkon suna ɗauke da takardar da ke cewa an nemi mallakar fasaha, daga nan suka sami laƙabin PAF. Ray Butts ma ya ƙera wa kamfanin Gretsch makamancinsa a daidai wannan lokaci.

Lokacin da Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila ta fitar da kundinta na farko a 1970, babu wani maɗauki da aka yi domin metal. Tony Iommi ya yi yawancin kiɗan kundin ne da jitar Gibson SG mai maɗaukai masu kwayil ɗaya. Amfilifayoyin wancan zamani ba sa yin kaushi sai an buɗe su har ƙarshe, don haka makaɗa suka riƙa neman hanyar tura musu sigina mai ƙarfi tun daga jita.

Wannan buƙata ce ta haifar da kasuwar maɗaukan canji. A 1972 Larry DiMarzio na birnin New York ya fara sayar da Super Distortion, hambaka mai maganaɗisun siramik da naɗin waya mai yawa, wanda girmansa ya yi daidai da ramin hambakar Gibson. Ana ɗaukar sa a matsayin maɗaukin canji na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Ace Frehley na ƙungiyar Kiss da Dave Murray na Iron Maiden suna cikin waɗanda suka yi amfani da shi. A 1976 aka kafa kamfanin Seymour Duncan a Santa Barbara da ke jihar Kalifoniya, wanda ya shahara da samfurin JB. A wannan shekarar ce kuma Rob Turner ya kafa kamfanin da daga baya ya zama EMG.

Eddie Van Halen ya ƙara wa al'adar canji farin jini. Ya ciro hambakar Gibson ya dasa ta a ganga mai siffar Stratocaster, ya tsoma ta a narkakken kaki da hannunsa don hana ta kururuwa. Bayan fitowar kundin Van Halen na farko a 1978, jita mai siffar Stratocaster da hambaka a kusa da jaki ta zama ruwan dare, kamfanoni irin su Charvel da Jackson da Ibanez da ESP suka gina kasuwarsu a kanta.

A shekarun 1980 maɗaukai masu batir na EMG suka bazu, musamman samfurin 81. James Hetfield da Kirk Hammett na Metallica sun koma kansu a ƙarshen shekarun, haka ma Kerry King na Slayer da Zakk Wylde. Dimebag Darrell na Pantera shi kuwa ya tsaya ne a kan L-500XL na Bill Lawrence, wanda ba shi da batir. Daga shekarun 2000 ƙananan kamfanoni masu naɗi da hannu suka sami karɓuwa, kamar Bare Knuckle da Tim Mills ya kafa a Cornwall ta Ingila a 2003, da Lundgren na ƙasar Suwidin. A 2014 kamfanin Fishman ya fito da Fluence, wanda ba a naɗa masa waya kwata-kwata.

Mai kwayil ɗaya da hambaka

Mai kwayil ɗaya yana da sauti garau mai haske, amma yana kama ƙugin lantarki kamar eriya. Hambaka tana da kwayil biyu a jere da juna, an jona su akasin juna, kuma fuskar maganaɗisun da ke ƙarƙashin kowane ɗaya ta saɓa wa ɗayan. Ƙugin da ke shiga kwayil na farko yana soke wanda ke shiga na biyu, amma siginar tsirkiya tana haɗuwa ta ƙaru. Saboda wannan ne hambaka ta zama maɗaukin da metal ya dogara da shi.

Mai jitar da aka yanka wa siraran ramuka uku, irin na Stratocaster, yana da mafita biyu ba tare da ya sassaƙe katako ba. Akwai hambaka mai siraran kwayil biyu gefe da gefe a cikin girman mai kwayil ɗaya, kamar Hot Rails na Seymour Duncan da Dave Murray yake amfani da shi. Akwai kuma mai kwayil biyu ɗaya a kan ɗaya, kamar HS-3 na DiMarzio da Yngwie Malmsteen ya daɗe da shi, wanda ke kashe ƙugi amma ya bar sautin kusa da na asali.

Marar batir da mai batir

Maɗauki marar batir maganaɗisu ne da waya kawai. Ƙarfinsa daga yawan naɗi da ƙarfin maganaɗisu yake zuwa. Yana bin hannun makaɗi sosai: bugu mai laushi ya fito da laushi, mai ƙarfi ya fito da ƙarfi. Rauninsa shi ne doguwar waya tana cinye masa siririn amo, kuma rage makunnin ƙara a jikin jita yakan dushe sautin.

Mai batir yana da ƙaramin amfilifaya a cikinsa wanda batir mai bolt 9 yake ba wuta. Kwayil ɗinsa da maganaɗisunsa ba su da ƙarfi sosai, amfilifayan ne ke ɗaga siginar. Hayaniyarsa kaɗan ce, tsawon waya ba ya canza masa murya, kuma yana daidaita ƙarfin bugu, abin da ke taimaka wa kiɗa mai sauri ya fito sumul. Wannan daidaitawa ce kuma masu sukarsa suke ƙorafi a kai, suna cewa yana sa jitoci daban-daban su yi kama da juna. Wasu makaɗa suna haɗa batir biyu su zama bolt 18 domin rage matsewar sautin. A bisa bayanin EMG, batir ɗaya yana kai kimanin awa 3,000 a samfurin 81. Jona waya a jita shi ne ke kunna batirin, don haka barin waya a jone bayan an gama kiɗa yana cinye shi. Idan batir ya yi sanyi, sautin yakan raunana ya fara karkarwa kafin ya ɗauke gaba ɗaya.

Fluence na Fishman ma da batir yake aiki, amma kwayil ɗinsa zanen jan ƙarfe ne da aka buga a kan siraran allunan lantarki aka jera su hawa-hawa. Hakan ya sa kowane guda yake fita daidai da ɗan'uwansa, kuma makaɗi yana iya sauya murya biyu ko uku da makunni ɗaya. Yana cin batir fiye da EMG, kimanin awa 200 a samfurin Modern, shi ya sa ake sayar masa da batir mai caji.

Nau'in maganaɗisu

Maganaɗisu iri biyu ne suka mamaye kasuwa. Alniko gauraye ne na alminiyom da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, kuma yana da lambobi: na 2 ya fi laushi, na 5 ya fi ƙarfi da haske, na 8 ya fi su duka ƙarfi. Siramik, wanda ake yi da tsatsar ƙarfe da sinadarin bariyom ko sitirontiyom, ya fi arha kuma yakan fi alniko ƙarfi. Maɗaukan siramik irin su Super Distortion, Duncan Distortion, Gibson 500T da EMG 81 an san su da bugu mai kaifi da amon ƙasa mai tsauri. Na alniko irin su JB da EMG 85 an san su da kauri da taushi a tsakiya.

Sai dai maganaɗisu ɓangare ɗaya ne na ƙira. Jitoci masu arha da yawa suna zuwa da maɗaukan siramik marasa inganci, abin da ya ɓata wa siramik suna a wurin wasu, alhali yawancin shahararrun maɗaukan metal da shi aka yi su. Yadda aka naɗa waya da irin ƙarfen da aka yi sandunan maɗauki da shi suna da tasirin da bai gaza na maganaɗisu ba.

Ƙarfin fitarwa da awon om

Masu sayarwa sukan rubuta turjiyar kwayil da ma'aunin kilo-om, masu saye kuma sukan ɗauka cewa babbar lamba ita ce babban ƙarfi. Lambar tana nuna tsawon waya da sirantarta ne kawai. Hambakar PAF tana tsakanin kilo-om 7 da 9, JB yana kusan 16. Idan waya da maganaɗisu da ƙira iri ɗaya ne, wanda ya fi lamba yakan fi ƙarfi. Idan suka bambanta, kwatancen ya rushe. Misali daga alƙaluman DiMarzio: HS-3 ya haura kilo-om 20 amma fitarwarsa ba ta kai milibolt 100 ba, Super Distortion kuwa bai kai kilo-om 14 ba amma yana fitar da milibolt 425. A maɗauki mai batir awon om ba ya nuna komai game da ƙarfi.

Muhimmancin ƙarfin fitarwa shi ma ya ragu. A 1972 maɗauki mai ƙarfi shi ne hanya mafi sauƙi ta samun kaushi. Amma daga fitowar Marshall JCM800 a 1981, sannan Peavey 5150 da Mesa/Boogie Dual Rectifier a farkon shekarun 1990, amfilifaya da kansa yana samar da kaushin da ya isa har ya yi yawa. Haka su ma na'urorin dijital da manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon amfilifaya. Saboda haka makaɗan zamani da dama suna zaɓen maɗauki mai matsakaicin ƙarfi, domin amon kowace tsirkiya ya fito daban idan an kaɗa da yawa a tare. Abin da ake nema yanzu ya fi karkata ga siffar muryar maɗauki fiye da ƙarfinsa.

Wurin dasawa

Tsirkiya ba ta kaɗawa daidai a duk tsawonta. Kusa da jaki motsinta kaɗan ne kuma sautin siriri ne mai kaifi. Kusa da wuyan jita motsin ya fi faɗi, sautin ya fi kauri da ƙara. Shi ya sa ake yi wa maɗaukin jaki naɗi mai yawa, na wuya kuma a sassauta masa, domin ƙararsu ta zo ɗaya.

Kusan dukan kiɗan raka waƙa a metal da maɗaukin jaki ake yin sa. Na wuya ana komawa gare shi ne a wurin solo mai santsi da sassan da ba kaushi. Wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba yakan fara da canza na jaki. Haɗe-haɗen da suka shahara sun haɗa da JB a jaki da Jazz ko '59 a wuya, EMG 81 da 85 kamar na Zakk Wylde, EMG 81 da 60 kamar yadda Hetfield ya daɗe yana yi, da Crunch Lab da LiquiFire da DiMarzio ya yi wa John Petrucci na Dream Theater. Haɗa mai batir da marar batir a jita ɗaya yana da wuya, domin makunnan da suke buƙata sun bambanta.

Salon kiɗa da saukar da tsirkiya

A ɗaurin da aka saba, tsirkiya mafi kauri ta jita mai shida tana kaɗawa a haz 82. Makaɗan metal sukan sassauta ta. Tony Iommi, wanda ya rasa kan yatsunsa biyu a hatsarin masana'anta, ya saukar da tasa zuwa kusan haz 69 a wasu waƙoƙin kundin Master of Reality na 1971. Jita mai tsirkiya bakwai, wadda Ibanez ya fara fitarwa da yawa a 1990 tare da Steve Vai, ƙungiyar Korn kuma ta yaɗa ta, tana sauka zuwa haz 62 a ɗaurinta na asali. Mai takwas tana kaiwa haz 46, kusa da yankin jitar bes. Duk lokacin da amo ya ƙara sauka, haɗarin cakuɗewa yana ƙaruwa, don haka maɗaukan da ake yi wa irin waɗannan jitoci ana rage musu amon ƙasa a ƙara musu na tsakiya. M8 na Lundgren, wanda ƙungiyar Meshuggah take amfani da shi, da Nazgûl na Seymour Duncan, da Juggernaut da Bare Knuckle ya yi wa Misha Mansoor na Periphery, duk a wannan layi suke.

Tsohon salon metal na shekarun 1970 da 1980 yana tafiya da Super Distortion, JB ko ma PAF. Salon tirash da na des, masu gudu da yawan danne tsirkiya, sun fi karkata ga siramik mai ƙarfi ko mai batir. Salon dum mai jan ƙafa yana son kauri da sakin amo, har P-90 ma tana shiga, duk da ƙuginta. Wannan rabe-rabe al'ada ce kawai ta makaɗa, kuma a kowane salo akwai fitattun da suka saɓa mata.

Dacewa da jikin jita

Kafin a sayi maɗauki ana duba abubuwa kamar haka:

Girman rami. Hambakar jita mai tsirkiya shida kusan girmanta ɗaya ne a duk kamfanoni. A mai bakwai da mai takwas akwai siffa biyu: mai kunnuwa irin ta marar batir, da mai siffar sandar sabulu irin ta EMG 707 da 808, masu tsawon kimanin milimita 89 da 102. Faɗaɗa rami aiki ne da ba a iya mayar da shi baya, kuma yana rage darajar jita idan za a sayar.

Tazarar tsirkiyoyi. A jita irin ta Gibson, tazarar sandunan maɗauki daga na farko zuwa na shida kimanin milimita 49 ce. A jita mai jakin Floyd Rose ko na Fender tsirkiyoyin sun fi buɗewa, ana buƙatar milimita 51 zuwa 53 a maɗaukin jaki. DiMarzio yana kiran wannan F-spaced, Seymour Duncan yana kiran sa Trembucker. Maɗauki mai doguwar reza a maimakon sanduna ba ruwansa da wannan matsala.

Zurfin rami da yadda ake ɗaurewa. Wasu jitoci ana rataye maɗauki ne a zoben roba, wasu kuma ana ɗaure shi kai tsaye a katako. Jita mai siririyar ganga ba ta ɗaukar maɗauki mai dogayen ƙafafu.

Wurin batir. Komawa mai batir yana buƙatar sarari a ramin makunnai ko a yanka masa akwati.

Haɗa wayoyi da saiti

Hambaka marar batir takan yi aiki da makunnin ƙara mai kilo-om 500, mai kwayil ɗaya da mai 250, maɗaukan EMG da Fluence kuma da mai 25. Sa makunni mai 250 a hambaka yana dushe ta. Komawa mai batir yana nufin canza dukan makunnan da soket ɗin jona waya, a sa mai ƙafa uku. EMG yana sayar da nasa da wayoyi masu filogi waɗanda ba sa buƙatar liƙi da dalma.

Yawancin hambakokin zamani suna da wayoyi huɗu da ta ƙasa, abin da ke ba da damar kashe kwayil ɗaya ko jona su biyun a layi ɗaya ko gefe da gefe. Launin wayoyin bai zama ɗaya ba a tsakanin kamfanoni. A Seymour Duncan baƙa ce ke ɗauke da sigina, ana haɗe ja da fara. A DiMarzio ja ce ke ɗauke da sigina, ana haɗe baƙa da fara. Idan aka haɗa maɗaukan kamfanoni biyu ba tare da lura da wannan ba, suna iya soke juna a lokacin da aka kunna su tare, sautin ya fito siriri kamar ta hanci.

Tsayin maɗauki yana canza sauti fiye da yadda ake zato. Akan fara da tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da tsirkiya, bayan an danne tsirkiyar a ƙarfen ƙarshe na wuya, sannan a riƙa juya sukuru ana saurare. Matsowa kusa yana ƙara ƙarfi da amon ƙasa. Idan ya matso da yawa, maganaɗisu mai ƙarfi yana jan tsirkiyar, amonta ya mutu da wuri ko ya riƙa rawa. Mai batir ana iya kai shi kusa sosai saboda maganaɗisunsa ba ya ja.

Maɗaukin metal yana buƙatar a tsoma shi a kaki, yawanci gaurayen kakin kyandir da na zuma, domin wayoyin kwayil su daina motsi. Wanda ba a yi wa haka ba yana zama kamar makirufo, ya riƙa kururuwa idan an ƙara sauti. Manyan kamfanoni suna yin wannan tun daga masana'anta, ban da wasu samfurori masu kwaikwayon PAF na asali da ake bari haka nan da gangan.

Iyakar tasirinsa

Makaɗa da injiniyoyin ɗaukar sauti suna da saɓani kan yawan bambancin da canza maɗauki yake kawowa a metal. Kaushi mai tsanani yana matse sigina ya shafe ƙananan bambance-bambance, kuma lasifika da makirufon da aka kafa a gabanta suna sauya sautin ƙarshe fiye da maɗauki. Sanannen sautin des metal na birnin Stockholm, wanda aka ji a kundin Left Hand Path na Entombed a 1990, daga na'urar taka-da-ƙafa ta Boss HM-2 ya samo asali. Haka kuma makaɗa da yawa suna sa Tube Screamer na Ibanez a gaban amfilifaya domin ya yanke amon ƙasa, aikin da wasu suke canza maɗauki dominsa. A ɗaya ɓangaren, makaɗa suna cewa ko da mai sauraro bai ji bambanci ba, su suna jin sa a hannu, ta yadda jita take amsa bugu.

Akwai matsalolin da ake ɗora wa maɗauki alhali ba daga gare shi suke ba. Tsofaffin tsirkiyoyi suna kashe haske. Tsirkiya siririya da aka sassauta tana lilo, amonta ya ƙi tsayawa, kuma maganinta tsirkiya mai kauri ce ko jita mai dogon wuya. Ƙugin da ke raguwa idan an taɓa tsirkiya yakan nuna ramukan jita ba su da rufin kariya daga hayaniyar lantarki, wanda kuma ke ƙaruwa idan an taɓa ta yakan nuna an jona wayoyin soket a juye. Saboda haka masu gyara sukan fara da canza tsirkiya, daidaita tsayin maɗauki da duba wayoyi. Canji yana da amfani a fili idan maɗaukin yana kururuwa, ko kwayil ɗinsa ya tsinke, ko jitar mai kwayil ɗaya ce ana son kashe ƙugi, ko kuma amon ƙasa ya ci gaba da cakuɗewa bayan an gyara sauran.

Ana kuma samun jabun shahararrun samfurori a kasuwannin intanet, masu ɗauke da tambarin kamfani amma da kayan ciki na daban. Auna turjiyar kwayil da mita a kwatanta da alƙaluman kamfani yana taimakawa wajen gano wasu daga ciki. Akan ajiye maɗaukin asali da makunnansa bayan an cire su, domin a iya mayar da jita yadda take idan sabon bai dace ba ko idan za a sayar da ita.